Tafiyar ƙasa a gaɓar teku cikin iska da ruwan sama

Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai mutane da yawa da ke yin tafiyar ƙasa domin motsa jiki da buɗe ido. Sukan goya jaka, su bi ƴar siririyar hanya ta gaɓar teku na yini ɗaya, ko mako guda, ko fiye da haka. Tafiya ce mai ƙara lafiya, amma tana da haɗari idan yanayi ya ɓaci. Wannan bayani ya ɗauki misalin wata sananniyar hanya ta ƙasar Faransa, domin a ga irin haɗarin, da dalilinsa, da shirin da matafiyi ke yi. Ruwan sama shi kaɗai jiƙa mutum yake yi. Iska ita kaɗai gajiyar da shi take yi. Idan suka haɗu, ga kuma teku yana cika, to rai na iya salwanta. Yawancin abin da ke tsare matafiyi kuwa tun a gida ake yin sa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Hanyar ƴan duwan

Hanyar tana yankin Bretagne, a yammacin Faransa. Kada a rikita wannan suna da Birtaniya, wato ƙasar Ingila. Bretagne yanki ne da ya kutsa cikin tekun Atlantika, ruwa ya kewaye shi ta arewa da yamma da kudu.

An buɗe hanyar a shekarar 1791. Ƴan duwan ne ke bin ta dare da rana, suna tsaron gaɓa saboda masu fasa-ƙwauri da ke shigo da kaya ta jiragen ruwa. Shi ya sa har yanzu ake kiran ta hanyar ƴan duwan. A farkon ƙarni na 20 aka daina amfani da ita, ciyawa da ƙaya suka cinye ta. A 1968 masu sha'awar tafiyar ƙasa suka fara gyara ta kusa da garin Lannion. A 1976 aka kafa doka wadda ta wajabta wa masu filaye a bakin teku su bar fili mai faɗin mita 3 domin masu wucewa a ƙasa.

Lambar hanyar ita ce GR 34. Ta tashi daga Mont-Saint-Michel ta ƙare a Saint-Nazaire, tsawonta ya wuce kilomita 2000. Mai yin kilomita 20 a yini sai ya shafe kwana 100 ko fiye kafin ya gama ta, don haka yawancin mutane wani yanki kawai suke ɗauka. Alamarta zane biyu ne na fenti, fari a sama, ja a ƙasa, a jikin dutse ko itace ko bango. Idan zanen biyu suka gitta juna, ma'anarsa nan ba hanya ba ce, a koma baya.

A wasu wurare hanyar tana bin rairayi daf da ruwa. A wasu kuma tana bin saman gaɓar dutse mai tsayi, wadda ta miƙe tsaye kamar bango. A Cap Fréhel da Pointe du Raz tsayin gaɓar ya kai kimanin mita 70, a Plouha kuwa ya ɗan wuce mita 100.

2. Yanayin wurin

A ƙasarmu damina tana da lokacinta, hadari kuma yakan haɗu a gan shi tun daga nesa, yawanci ta gabas. A Bretagne ana ruwa a kowane wata na shekara, kuma iskar da ke kawo shi daga yamma take fitowa, ta saman teku. Birnin Brest yana samun ruwa kimanin milimita 1200 a shekara, cikin kwanaki kusan 160. Wannan ya ninka abin da Maraɗi ko Yamai ke samu sau biyu ko fiye. Sau da yawa yayyafi ne mai daɗewa, wanda iska ke korowa ta gefe har ya shiga wuyan riga da hannunta. Ana iya tashi da rana, kafin azahar gari ya rufe.

Manyan guguwowi sun fi zuwa daga watan Oktoba zuwa Maris. A daren 1 zuwa 2 ga Nuwamba 2023 guguwar da aka sa wa suna Ciarán ta faɗa wa yankin. A Pointe du Raz an auna gudun iska har kilomita 207 a awa. Itatuwa da yawa sun faɗi, aka rufe sassa da dama na hanyar. A lokacin sanyi kuma yini gajere ne: a Disamba hasken rana kimanin awa 8 da rabi ne kawai.

3. Haɗura huɗu

a) Iska

Ana auna ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan jiragen ruwan Ingila mai suna Francis Beaufort ya tsara a 1805. Yana da matakai daga 0 zuwa 12. Ga waɗanda suka fi shafar mai tafiyar ƙasa:

Mataki na 6, kilomita 39 zuwa 49 a awa: manyan rassa suna kaɗawa, riƙe lema yana wuya.
Mataki na 7, kilomita 50 zuwa 61 a awa: itace duka yana kaɗawa, tafiya ana fuskantar iska tana wuya.
Mataki na 8, kilomita 62 zuwa 74 a awa: ƙananan rassa suna karyewa, da ƙyar mutum ke ci gaba.
Mataki na 12, kilomita 118 ko fiye: babbar guguwa mai rushe gine-gine.

Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take ture mutum da shi yakan ninka sau huɗu. Sannan iska ba ta busawa da ƙarfi ɗaya. Takan lafa, can kuma ta bugo farat ɗaya. Wannan bugun bazata shi ne ke kayar da mutum, musamman mai goye da babbar jaka. Ƙarfinta ya fi yawa a saman gaɓa da wuraren da ƙasa ta yi tsini cikin teku. Iskar da ke fitowa daga tudu tana nufar teku ita ce mafi muni ga wanda ke saman gaɓa, domin wajen faɗuwa take tura shi.

b) Jiƙewa da sanyi

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga haɗari. Sanyin hunturu da muka sani busasshe ne, bargo yana maganinsa. Sanyin gaɓar teku kuwa jiƙaƙƙe ne. Ruwa yana janye ɗumin jiki da sauri fiye da iska kimanin sau 25. Idan iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, ruwan yakan bushe ya tafi da ɗumin jiki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa idan iska tana bugun ta. Saboda haka mutumin da ya jiƙe, ya gaji, bai ci abinci ba, sanyi na iya kayar da shi ko da ma'aunin zafi yana nuna digiri 10.

c) Cikar teku da janyewarsa

Teku yana cika kuma yana janyewa sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da janyewa akwai awa 6 da ƴan mintoci, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya ne ke haddasa haka. Cikar ta fi girma kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan wata ya cika a daren 14. A Faransa ana nuna girman cikar kowace rana da lamba daga 20 zuwa 120. Idan lambar ta kai 100, babbar cika ce.

A mashigin Mont-Saint-Michel bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 14, wato tsayin bene mai hawa huɗu. Ruwa yakan janye kilomita da dama, ya bar fili shimfiɗe kamar fako. Baƙo sai ya ɗauka hanya ce. A cikin filin akwai yashi mai haɗiye ƙafa, shi ya sa ake ƙetare shi tare da jagoran da ya san wurin.

Ruwa ba ya dawowa da gudu iri ɗaya. Idan aka raba tsayin cikar kashi 12, awa ta farko takan kawo kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Ke nan rabin ruwan a cikin awa biyu na tsakiya yake zuwa. Inda cika ke kai mita 12, a awa ta uku ruwa yana hawa mita 3, wato santimita 5 a kowane minti. Kuma yakan fara cika kwazazzabai da ke bayan mutum, ya yanke masa hanyar komawa tun bai lura ba.

Idan babbar cika ta haɗu da guguwa, teku yana tsallake iyakarsa. Haka ya faru a daren 27 zuwa 28 ga Fabrairu 2010, lokacin guguwar Xynthia, a gaɓar da ke kudu da Bretagne. Mutum 47 suka rasu a Faransa, 29 daga cikinsu a ƙauyen La Faute-sur-Mer, inda ruwa ya shiga gidaje cikin dare.

d) Zaftarewar gaɓa, hazo da tsawa

Igiyar ruwa tana cin gindin gaɓa, ruwan sama kuma yana jiƙa samanta. Bayan kwanaki ana ruwa, bakin gaɓa yana iya zaftarewa, ko da ciyawar da ke kansa tana nan kore shar. Jiƙaƙƙiyar ciyawa da laka da dutse mai gansakuka duk santsi gare su. Hazon teku, wanda tururin ruwa ne, yakan sauko cikin ƴan mintoci ya ɓoye alamun hanya. Tsawa kuma ta fi faɗa wa abin da ya fi tsayi, a saman gaɓar da babu itace kuwa mutum ne ya fi kome tsayi.

4. Shiri kafin tashi

Na farko, a nemi labarin yanayi daren jajibiri, a sake nema da safe. Bayan guguwowi biyu na ranakun 26 da 27 ga Disamba 1999, waɗanda suka kashe fiye da mutum 80 a Faransa, hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, Météo-France, ta fito da taswirar gargaɗi a 2001. Ana sabunta ta aƙalla sau biyu a rana, da ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 4 na yamma. Launi huɗu gare ta:

Tsanwa: babu wani gargaɗi na musamman.
Rawaya: a yi hattara, musamman masu aiki ko wasa a fili.
Ruwan goro: ana sa ran yanayi mai haɗari.
Ja: ana sa ran yanayi mai tsananin haɗari, a zauna a gida.

Tun 2011 an ƙara gargaɗin igiyar ruwa da ambaliyar teku a taswirar. Idan launin ya zama ruwan goro ko ja, a fasa tafiya. Idan rawaya ne saboda iska, a kauce wa saman gaɓa, a zaɓi hanyar cikin ƙasa.

Na biyu, a duba jadawalin cikar teku na tashar jiragen ruwa mafi kusa. Ana samun sa a tashoshin da ofisoshin baƙi masu yawon buɗe ido da jaridun yankin da intanet. A rubuta lokutan a takarda. Duk inda hanya ta sauka kan rairayi, a ƙetare shi lokacin da ruwa ke janyewa.

Na uku, a tsara zango daidai ƙarfin wanda ya fi rauni a cikin ayari. A kan hanya mai kyau mutum yana yin kamar kilomita 4 a awa. Cikin laka da iska da hawa da sauka yana iya komawa 2 ko 3. A lissafa yadda za a isa masauki awa biyu kafin faɗuwar rana. A duba taswira, a san wuraren da za a iya barin gaɓa a shiga gari ko a sami mota. Idan da hali, a bi ta inda iska za ta kasance a baya.

Na huɗu, a gaya wa wani inda za a bi da lokacin da ake sa ran isa, da abin da zai yi idan lokacin ya wuce bai ji labari ba. Tafiyar mutum biyu ko uku ta fi ta mutum ɗaya aminci.

5. Tufafi da kaya

Masu tafiyar gaɓa suna sa tufafi hawa uku. Ta ciki, mai manne da fata, ta ulu ce ko ta zaren roba, domin tana fitar da gumi kuma tana saurin bushewa. Ta tsakiya rigar sanyi ce mai riƙe ɗumi. Ta waje rigar ruwa ce mai hula, wadda ke tare ruwa da iska. Akwai yadi irin su Gore-Tex da ke hana ruwa shiga, amma su bar tururin gumi ya fita. Amfanin hawa uku shi ne ana iya cire ɗaya idan ana hawan tudu, a mayar idan an tsaya.

Auduga, wadda ita ce mafi daɗi a ƙasar zafi, ba ta dace da wannan tafiya ba. Tana shan ruwa, tana manne wa jiki, tana daɗewa ba ta bushe ba. Wandon jins ma haka yake. Babbar rigar leda mai faɗi kuma iska ce ke cika ta, ta riƙa jan mutum. Lema ba ta da amfani a saman gaɓa.

Sauran kayan da ake buƙata su ne:

Wandon ruwa, hula mai ɗumi da safar hannu.
Takalmi mai rufe idon sawu, mai ƙasa mai kaushi, wanda aka saba da shi. Sabon takalmi yana sa kumburi da gyambo.
Safa da rigar ciki na canji, a ɗaure cikin leda a cikin jaka.
Taswirar takarda cikin leda, da na'urar nuna arewa. Sanyi yana saurin cinye batirin salula, jiƙaƙƙen gilashinta kuma ba ya jin yatsa.
Salula cike da caji, a aljihun ciki.
Fitilar hannu ko ta goshi, da usur.
Ruwan sha lita ɗaya da rabi ko biyu, da shayi mai zafi a filas.
Abinci mai ba da ƙarfi wanda ba ya buƙatar dahuwa, kamar dabino da gyaɗa da burodi.
Ƙaramin akwatin magani, da siririn bargon gaggawa mai ƙyalli.

6. A kan hanya

A sa rigar ruwa tun ɗigon farko, kafin a jiƙe. A riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ana shan ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba. A yi hutu gajere a bayan bango ko dutse. A tsaya kan hanya mai alama, nesa da bakin gaɓa, kuma kada a tsallake shinge ko allon da ya ce an rufe hanya. Idan iska ta bugo da ƙarfi, a tsaya, a buɗe ƙafafu, a duƙa har ta wuce. Kada a hau duwatsun bakin ruwa domin kallon igiya ko ɗaukar hoto, domin a cikin igiyoyi akan sami ɗaya da ta fi sauran girma nesa ba kusa ba. Kada a zauna a gindin gaɓa.

Idan an ga walƙiya, a ƙirga daƙiƙu har a ji tsawa. Kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. Idan bai kai 30 ba, a bar tudu, a nemi gini ko mota, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Ya kamata a juya ko a shiga gari idan tsayuwa ta fara wuya saboda iska, ko ba a ganin alama ta gaba saboda hazo, ko wani ya jiƙe yana rawar ɗari, ko lokaci ya ƙure. Mutane da yawa sukan ci gaba don sun riga sun biya kuɗin masauki, ko don kunyar abokan tafiya. Yana da kyau ayari ya yi yarjejeniya tun kafin tashi cewa idan mutum ɗaya ya ce a koma, kowa zai koma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

7. Idan sanyi ya kama mutum

Alamun farko su ne rawar ɗari, sanyin hannu, tuntuɓe, kasa ɗaure igiyar takalmi, da yin shiru. Daga nan sai magana ta fara sarƙewa, hankali ya rikice, barci ya riƙa ɗaukarsa. Sau da yawa shi kansa bai san halin da yake ciki ba, don haka abokan tafiya su riƙa duban juna. Idan rawar ɗari ta tsaya alhali mutumin bai ji ɗumi ba, abin ya yi tsanani.

Abin da za a yi:

A kai shi inda iska ba ta bugu.
A cire jiƙaƙƙun tufafi, a sa masa busassu, a rufe kansa da wuyansa da ƙirjinsa.
A shimfiɗa jaka ko tufafi a ƙarƙashinsa, domin ƙasa ma tana janye ɗumi.
Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari.
A kira taimako.

Abin da ba za a yi ba: kada a murza masa hannuwa da ƙafafu, kada a kusantar da shi ga wuta ko a zuba masa ruwan zafi, kada a ba shi barasa, kada a jijjiga shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

8. Neman taimako

Lambar gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112. A Faransa akwai kuma 196 domin haɗarin teku da gaɓarsa. Kiran kyauta ne. Ana faɗin wurin da ake, da abin da ya faru, da yawan mutane, da halin da suke ciki. Ƙungiyar ceto ta SNSM, wadda aka kafa a 1967, tana da jiragen ceto a tashoshin gaɓar, kuma masu aikinta ƴan sa kai ne. Idan wani ya faɗa ruwa, a kira taimako, a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, a ci gaba da kallon inda yake. Kada a faɗa a bi shi. Ruwan tekun Bretagne a lokacin sanyi kusan digiri 10 ne, yana ɗauke numfashi nan take ko ga gwanin iyo.

9. Ga masu zuwa ƙasashen bakin teku

Ƴan ƙasarmu da yawa suna zuwa cin rani ko fatauci ko karatu a Kwatano da Lome da Akara da Abijan. A can babu irin wancan sanyi, cikar teku kuma ba ta wuce mita 2 ba. Amma igiyar ruwa tana da ƙarfi ƙwarai, akwai kuma wuraren da ruwa ke komawa cikin teku da gudu, ya ja mutum. Wanda ya saba da tabki ko gulbi kada ya ɗauka ya san teku. Ya tambayi masunta da mutanen wurin kafin ya kusanci ruwa, ya kuma nisanci gaɓa idan hadari ya taso.

A taƙaice

Kafin tashi a san yanayi, a san lokacin cikar teku, a san ƙarfin ayari, a sanar da wani. A kan hanya a kiyaye jiki daga jiƙewa, a nisanci bakin gaɓa, a lura da abokan tafiya. Idan alamu suka nuna a koma, a koma, a dawo wata rana da yanayi ya gyaru.